Akwatin Yayanki

Zuwa ga 'yata Malama,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya 'yan ajinki? Yaya ƙafar babarki? Ni lafiya lau, sai hannu da ya manta riƙon biro. Kada ki ɗauko jan bironki, wanda ya tsaya a aji huɗu ya wuce gyara.

Bayan haka, na iso tashar jirgin ruwa. Kayan garejin yayanki sun sauka daga ƙasar waje, akwatin katako guda, wai ya fi ni tsawo. Ban gan shi ba, yana can bayan shinge a hannun kwastan. Sun ce sai na nemi ejan mai lasisi, wato dillalin da ya san takardunsu. In kwana ashirin suka cika ba a fitar ba, gwanjo za a yi da shi.

Ejan a nan sun fi ƙuda yawa. Na tace, saura biyu. Ɗaya na sa masa Mai Turare, ofishinsa a bene, sanyi kamar an sa ni a firji. Ɗayan Mai Tari, tsoho ne, ɗakinsa a ƙarƙashin matakala, fayil har rufi, fankarsa sai ta ga dama take juyawa.

Dukansu abu ɗaya suka nuna mini da yatsa. Yayanki sunansa ya rubuta a gurbin mai aikowa, sunansa kuma a gurbin mai karɓa. A zatonsa zai riga jirgin isowa. Jirgi na tsakiyar ruwa Allah ya karɓi abinsa. Yanzu ga kaya suna jiran mai su ya zo ya sa hannu.

Kada ki karanta wa babarki wannan sashen. Ki ce na ce garin akwai zafi.

Ni ne babanki,
Tela mai ritaya

Zuwa ga Malama,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Allah ya sa jiki da sauƙi.

Mai Turare ya ce abin ba wuya. A takarda yayanki yana da rai, to a bar shi da ransa. In kwaikwayi sa hannunsa a wuri uku, kwana uku kaya su fito. Mai Tari kuwa, bayan ya gama tarinsa, ya ce sai takardar shaidar rasuwa da ta kotu mai nuna magaji, sannan a canza suna. Ya ce zai iya cin sati biyu, zai iya fi, kuma shi ba ya alkawari. Ya ƙara da cewa shekara talatin bai taɓa sa matacce ya sa hannu ba.

Ba zan ɓoye miki ba, littafi na saya. Na zauna a ɗakin masauki da hantsi ina kwaikwayo. Ni da sa hannuna ke kama da sawun kaza, a shafi na huɗu sai ga hannun yayanki sak, har da wutsiyar nan da yake ja a ƙarshe. Na daɗe ina kallonsa. Tawadar ma ba ta bushe ba. Sai na ji kamar yanzu ya tashi daga kujerar ya shiga wanka, har na kasa kunne.

Da la'asar Mai Turare ya kira wayata. Don in saba, wai, da sunan yayanki ya kira ni. Malama, na amsa. Muryata ma ba ta yi rawa ba. Tun daga nan in na wuce gilashin wani shago ba na son dubawa.

Na gane in na bi wannan hanyar, kaya za su fito, amma a fayil ɗin gwamnati yayanki zai ci gaba da yawo, yana sa hannu, yana karɓar kaya, ni kuma ina amsa masa kira. Na koma wurin Mai Tari.

Ki buɗe aljihun keken ɗinkina. Akwai ambulan mai ruwan ƙasa da abokan aikin yayanki suka aiko, ban taɓa buɗe shi ba, na san takardar rasuwar ce a ciki. Ki ba direban motar safe ya kawo mini. Saura kwana goma sha shida.

Babanki

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da shiruna, yawon ofis ne. Tsohon nan tafiyar hawainiya gare shi, amma ba ƙofar da ya ƙwanƙwasa sau biyu. Ni ke riƙe masa fayil, a shekaruna na samu aikin masinja.

Ambulan ɗin shi ya buɗe, ya karanta a ransa, ya juya shi ƙasa. A kotu kuwa ba mai yi mini wannan karar. Da bakina na faɗa, da hannuna na rubuta marigayi a gaban sunan. Harafi takwas ne, na ƙirga.

Jiya, saura kwana biyu gwanjo, aka buɗe akwatin don bincike. Jami'in yana ɗagowa yana tambayata sunan kowane ƙarfe, ni kuwa allura na sani. Mai Tari ne ya riƙa amsawa. Kowane sifana an naɗe shi a tsumma, an jera su daga babba zuwa ƙarami. Yaron da bai taɓa ninke rigarsa ba. Warin baƙin mai ya taso, irin wanda yake shigo mana da shi gida, sai na ce ƙura ce ta shiga idona. Tsohon ya ce shi ma.

An buga hatimi, an loda a mota. Gobe da safe za mu taso, ni a gaba kusa da direba. Ki sa a share ɗakin waje. In kin ji ƙarar mota a ƙofa, ki riƙe hannun babarki kafin ta fito, don na san ba ni za ta duba ba. Ki gaya mata tun yau, mutum ɗaya ne zai sauko.

Ki gaida kowa. Allah ya yi miki albarka.

Ni ne babanki,
Tela