Mikiyar Maƙwabcina

Zuwa ga ƙanena Malam Isuhu,

Assalamu alaikum. Ya jikinka, ya Hajiya da jikoki? Ni dai ƙafa ce, alhamdu lillahi.

A nan birnin Greensboro mai leƙo ni ɗaya ne, maƙwabcina, dattijo ɗan ƙabilar Zuni, ɗaya daga ƙabilun asali na ƙasar nan. Yana da mikiyar dutse, sassaƙar kakansa. A wurinsu ruhi ke cikinta, tana tsaron mai ita muddin ana ba ta garin masara. Da za a kwantar da shi asibiti ya ce, "Alhaji, riƙa ciyar mini da ita." Na ce addinina ya hana. Gaskiya na faɗa, amma da kaushi. Ya dawo lafiya, bai ƙara ƙwanƙwasa ƙofata ba.

Ka roƙa mini Allah Ya sanyaya zuciyarsa. Gai da Inna Hauwa.

Yayanka,
Mamman