Wayoyin da ke Cikin Silin

Litinin, 10 Fabrairu 2025

Gobe masu intanet za su zo su sa mini sabuwar waya mai gudu. Na gaya ma Garba mai kyamis da Surajo mai POS su shirya ganin abin mamaki. Duk layinmu na Jega Firchin daga shagona na kwamfuta suke shan sabis. Ni na ja wayoyin nan da hannuna ta cikin silin, ba injiniya ba makaranta. Malam Khalilu ya kawo sunayen ɗalibansa, rajistar jarrabawarsu za a rufe ta ran Juma'a. Na ce masa ya kwanta da hankalinsa.

Talata, 11 Fabrairu

Cikin duk ma'aikatan kamfanin, wa anka turo? Mijin babbar ɗiyata.

Ya durƙusa tun daga bakin ƙofa, ido a ƙasa. Na amsa ina kallon firinta. Na so in ce masa akwai ƙaramin akwati cikin silin da ke raba sabis, kada a taɓa wayoyinsa. Bakina ya ƙi. Ni da shi ba mu taɓa haɗa magana ta wuce gaisuwa ba. Na ɗauki hulata na ce ina da sabga a Aliero. Ba ni da sabgar komai. Na zauna wurin masu albasa har la'asar.

Da na dawo sun tahi. Sun yanke tsofaffin wayoyin duka, sun naɗe su tsaf a kusurwa kamar abin kirki sunka yi. Kwamfuta ɗaya ke aiki.

Laraba, 12 Fabrairu

Surajo ya wuni yana korar mutane. Garba ya leƙo: "Injiniya, gudun ya yi yawa har mun daina ganinsa!" Anka yi dariya. Na ɗaga murya na zagi kamfanin, na ce yaran banza suke turowa. Garba bai san ko wane yaro ba ne. Ni na sani.

Alhamis, 13 Fabrairu

Na aika saƙo ta bakin matata Altine, ita ta kira ɗiyar, ɗiyar ta gaya ma mijinta. Amsa ta biyo hanya guda: wai ya ga wayoyin sun shige silin, ya so tambaya, ya ji nauyi. Altine ta ce, "To kai kunya, shi kunya, wayar ce za ta yi magana?"

Surajo na tara mutane su kai ƙarar wanda ya yi aikin, ya ce sai an kore shi. Ya ce in faɗi sunansa. Na ce ban riƙe ba. Ɗiyata na da tsohon ciki.

Malam Khalilu ya zo ya zauna. Da zai tahi ya ce, "Ɗalibaina na ƙauyen Liba sun hau mota tun safe don ɗaukar hoton rajista." Gara ya zage ni.

Juma'a, 14 Fabrairu

Bayan asuba na kira lambarsa da kaina. Ban taɓa ba.

Ya zo da tsani. Muka tsaya, ya ƙi hawa, wai ba zai tsaya bisa kaina ba. Na tuɓe riga na hau, shi ya riƙe tsanin. Ina miƙo waya ina faɗin ta wa ce, shi yana ɗaura mata kai. Wannan ta Garba, wannan ta Surajo. Garba na bakin ƙofa yana kallo, ya gane shi, ya rufe baki da hannu.

Na ce da ƙarfi, yadda layin zai ji, ni na tahi ban yi bayani ba. Surajo ya ce, "Ashe kai ne yaron banzan." Na haɗiye.

Mun gama da ɗalibin ƙarshe ana kiran salla.

Lahadi, 16 Fabrairu

Sabis na gudu, ba laifi. Da ina saukowa ran nan ƙafata ta zame, ya ce "Baba, a hankali," ya kama ni. Ba wani abu ba ne.

Akwai wayar da nake son ja zuwa makarantar Malam. Ni kaɗai ma zan iya. Na dai ce ma Faruk, mijin ɗiyar tawa, ya biyo ran Asabar, ya zo da tsanin.