Yaya Asabe, Na Goge Layukanki

Zuwa ga Yayata kuma malamata, marigayiya Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da na gaba, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Amma na saba kawo miki rahoto duk ranar da muka saki sabuwar sigar manhajarmu, ban kuma ga dalilin dainawa don kin riga ni tafiya ba. Masu bibiyar shafin nan su yi haƙuri, yau da Yayata nake.

Ga rahoton. Jiya Talata da hantsi na saki sabuwar siga, ta farko tun bayan rasuwarki. A sashen manhajar da ke lissafa ranar dawowa rigakafi, cikin layukan umarnin da kika rubuta babu ko ɗaya da ya rage. Ni na goge su da hannuna.

Kin tuna yadda na zo miki a ma'aikata, 'yar bautar ƙasa mai takalmi mai tsini, ina ji da takardar digiri, alhali ko fayil ban iya ajiyewa a inda ya dace ba. Kika ja kujera kika ce in zauna. A lokacin kin riga kin haɗa 'yar manhajar nan da nas za ta saka ranar haihuwar jariri, ta faɗa mata ranar da uwa za ta dawo da shi allura, ko da babu intanet. Kika bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, kowa ya leƙa cikinta ya gyara. Da na ce ai wani zai kwashe miki wahala, kika yi dariya da Hausarki ta mutanen Paikon Kore: "Rabi, wannan abu ba nawa ba ne, ba naki ba ne. Na mai goyo ne."

Na gode da dokokinki, duk da a lokacin ina ganin tsirfa ce. Ba a saki ranar Juma'a, don in ji ki, "Wanda ya saki ran Juma'a, shi da Asabar ɗinsa sun rabu." Ba a manta sunan kowa a jerin godiya, ko waƙafi ya gyara. Sai babbar, wadda na fi tsana: kafin a saki, dole a shiga mota a je ƙaramin asibiti a gwada a tsohuwar wayar nas, ba a kwamfutarmu mai sanyin ofis ba. Sau nawa na bi ki ina kumbure-kumbure, kina lallashina da gasasshiyar masara a hanya.

Watannin baya Nas Talatu ta asibitin Karshi, wadda kika sani, ta turo ƙorafi. Idan yaro ya makara karɓar allura, manhajar tana ci gaba da ƙirga daga ranar haihuwa, maimakon daga ranar allurar ƙarshe. Sai a rubuta wa uwa rana a kati, ta zo, a duba a ga sati huɗu bai cika ba, a mai da ita gida. Na bi sawun kuskuren, na same shi a tsakiyar aikinki.

Ba a yi sati biyu ba, wani Malam Isufu daga Damagaram, wanda ban taɓa gani ba, ya turo gyara. Aiki tsaf, ya ci duk gwajin da muke yi. Sai dai ya sake rubuta sashen gaba ɗaya.

Yaya, kin san a wajenmu kowane layi yana ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi a gefe. Nan ne kaɗai ya rage da zan buɗe in ga Asabe, Asabe, Asabe a jere har ƙasa. Masana za su ce ai tarihin aiki yana ajiye, ba abin da ke ɓacewa. Na sani. Amma wanda ke cikin akwati daban, wanda ke aiki a hannun mutane daban.

Sai na shiga yi wa bawan Allah nan kwana-kwana. Yau in ce ya canza sunan kaza, gobe in ce ya ƙara bayani. Duk ya yi, har yana gode mini. A gefe kuma ina ta ɗinke-ɗinke a kan naki ko zai tsaya, in toshe nan can ya ɓalle. Wata huɗu ina wannan rawar, ina gaya wa kaina wai tsanaki nake yi.

Makon jiya na ce bari in gwada ɗinkina na ƙarshe, dokarki kuma ta tilasta mini zuwa Karshi. Ina zaune a benci da wayar Nas Talatu a hannuna, wata mata ta shigo da goyo, ƙafafunta sun yi buɗu-buɗu, daga wani ƙauye bayan gari ta tako. Aka duba katinta aka ce saura kwana goma sha biyu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ranar da aka rubuta mata ce ta zo, ta bar gona ta zo, kuma ba ta san ko maigida zai sake barinta ba. Ta gyara zanin goyonta ta fita.

Ban ma gwada ɗinkin ba. Kunya ta rufe ni a kan bencin nan, har na kasa haɗa ido da nas. Kuskurenki na ɗan Adam ne, ba ki san da shi ba har kika koma ga Allah. Ni kuwa na sani, gyara yana hannuna, na zauna a kai.

Ranar Litinin na karɓi aikin Malam Isufu, na rubuta masa ban haƙuri ba tare da kwaskwarima ba. Na koma Karshi muka gwada da katunan yaran da suka makara, ranaku suka fito daidai. Na rubuta bayanin abin da ya canza, na jera sunayen masu hannu, na ɗaga lambar siga. Da na zo danna saki, layukanki suka bayyana da ja, alamar za su tafi. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya, na yi kuka mai isata, sannan na danna.

Na gode, Yaya Asabe. Da ba ki sa mini dokar shiga mota ba, da har yau ina ofis ina gadin sunanki, mata suna ta tattaki a banza. Ko bayan ranki ke kika ja kunnena. Na gode da haƙurin da kika yi da taurin kaina, da yadda ba ki taɓa gyara ni a gaban mutane ba.

Nas Talatu ta aika a nemo matar nan. Har na zauna rubutun nan ba a same ta ba. Ranarta Laraba mai zuwa, kuma zan je in zauna a bencin tun safe.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa duk yaron da aka kai allura a kan lokaci ya zame miki sadaka mai gudana. Allah ya dawo da baiwar Allah nan da ɗanta lafiya, ya yafe mini wata huɗun da na ɓata.

Taki ƙanwa, wadda har yanzu take koyo,
Rabi
Abuja