Kada a Daka wa Baba Ƙwayarsa a Fura

Yaya Tasalla,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba, ya mutanen Ƙaura? Ina bautar ƙasa lafiya a Kalaba. Na dai rame, kada ki gaya wa Inna.

Kin ce Baba ya kasa haɗiye ƙwayar mofin ta rage raɗaɗin ciwo, kuna daka masa a fura. Don Allah ku daina. Irin tasa a hankali take aiki, awa goma sha biyu. In an daka, ƙarfinta na fita gaba ɗaya, numfashi na iya tsayawa. Kada ku sauya da tiramadol, bai kai ta ƙarfi ba. Ku roƙi likita ya rubuta mofin na ruwa.

Allah ya ba shi sauƙi. Ina so in dawo in same shi.

Ƙanenki,
Abdulrashid