Na Ɓoye Tawadar Allah a Ƙarƙashin Lalle

Anti Balaraba, don Allah ki taimake ni da shawara, domin na rasa wanda zan faɗa wa. Shekaruna goma sha bakwai, ina ajin ƙarshe na sakandare, muna zaune a unguwar Kinkinau. Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai an kira sunana nake buɗe baki, shi ya sa na ga rubutu zai fi mini sauƙi.

Tun ina ƙarama akwai tawadar Allah a tafin ƙafata ta hagu, ba ta fi ƙwayar dawa ba. Marigayiya kakata takan tsokane ni, wai ƙafar nan sai ta taka Makka. Bara na lura ta fara faɗi, gefenta ɗaya ya fi duhu. Tsoro ya kama ni, kunya kuma ta hana ni faɗa. Sai na riƙa ƙunsa lalle a kai, da ya fara koɗewa in sake. Wata biyar ina haka, har Umma tana yabona wai na fara son kwalliya.

Mai ƙunshin da aka kira bikin 'yar kawuna ce ta hango duhun ta cikin tsohon lallen, ta ja Umma gefe. A asibiti likitar fata ta ce ba za ta ga ainihin launin ba sai lallen ya fita, muka koma gida muka jira kusan wata guda. Ranar Talatar da ta wuce aka yanke tawadar, aka yi ɗinki huɗu, aka aika gwaji. An ce mu koma bayan mako uku.

Umma ta ce kada kowa ya ji, har Abba da ke aiki a Abuja, sai sakamako ya fito. A makaranta cewa na yi kwalba na taka. Ƙawata ɗaya ce, Fiddausi, tun aji ɗaya tare muke cin abincin tara. Yanzu a aji nake zama, don na san in ta dube ni kuka zan yi. Sau biyu tana kawo mini awara ina yin kamar karatu nake. Ranar Juma'a ba ta zo ba, na hango ta da wasu.

Na ɗauki wayar Umma na bincika, na ga hotunan ciwon daji, na kasa cire su daga raina. Jarrabawa ta matso, amma in na buɗe littafi kwanaki nake ƙirgawa. Umma takan canza mini bandeji ba ta cewa komai, ni ma ba na cewa komai. Anti, lallen ne ya ɓata ta? Wata biyar ɗin nan na cuci kaina ke nan? Yaya zan yi da sauran kwana goma sha shida?

'Yarki, Mai Jira

*

'Yata, sannu. Allah ya ba ki lafiya.

Lalle ɓoye wurin ya yi, ba shi ya canza tawadar ba. Da kin faɗa da wuri da ya fi, ba zan ruɗe ki ba. Amma tsoro ne ya sa ki, kuma ga shi an gani, an cire. Ni ba likita ba ce, ba zan yi miki alkawarin abin da takardar za ta ce ba. Sai dai ki sani, da yawan irin waɗannan gwaje-gwajen lafiya lau suke fitowa, kuma in ma an ga wani abu, akwai matakin da likitoci ke ɗauka. Hotunan waya na wasu mutane ne, ba ƙafarki ba ce. Ki ajiye binciken nan. Duk tambayar da ta taso, ki rubuta a bayan littafinki ki kai wa likitar, har da maganar wata biyar ɗin.

Kada ki ga laifin Umma. Tana tsare ki ne daga bakin mutane, kuma shirun da take yi in tana naɗa bandeji, irin naki ne. Amma sirrin ya yi wa 'yar shekara goma sha bakwai nauyi. Gobe in ta ɗauki ƙafar, ki ce mata kina jin tsoro. In bakin ya ƙi buɗuwa, miƙa mata shafin nan. Ki roƙe ta ta sanar da Abba, haƙƙinsa ne ya sani, sannan ta yarje miki ki faɗa wa mutum ɗaya.

Kafin nan ma, ba sai kin tona komai ba, kina iya ce wa Fiddausi ba fushi kike da ita ba, rashin lafiya ke damunki. Karatu kuwa ki yi shi kaɗan-kaɗan, ko shafi biyu a rana, ki riƙe addu'a, ki ci abinci.

Kwanakin ba za su ragu ba, amma ba dole ki ƙirga su ke kaɗai ba. Ranar Litinin ke za ki sayi awarar, ki ɗingisa ki sami Fiddausi. Allah ya sa mu ji alheri, ya kai ƙafar nan inda kakarki ta ce.

Anti Balaraba