Ranar da Bulus Ya Sallama

Laraba, bayan Isha'i.

Na je duba Bulus a gidansa, bayan barikin Shadawanka. Shanyewar ɓarin jiki ta kashe hannun daman nan da ya hana ni sakat a filin tanis.

Tun da muka daina wasa musunmu ɗaya ne: tsakanina da shi, wa ya fi lokacin da muke ganiyarmu? Shi ya ce ba mai tare bugunsa, ni in ce ƙwallo ba ta wuce ni a bakin raga. Ko a bikin 'yarsa sai da muka taɓa.

Yau na tsokane shi don ya yi dariya. Na ce, "Saja, tashi mu je in lallasa ka."

Ya daɗe yana kallona, sannan da ƙyar ya ce, "Malam Sani, kai ka fi ni. Ka yafe mini."

Matarsa ta tashi ta fita.

Shekara talatin ina jiran wannan magana, ga shi na samu, tuwo ya ƙi shiga. Kuma ƙarya yake yi, wallahi ya fi ni. Gobe zan koma in gaya masa, in Allah Ya sa na tarar da shi.