A Wane Rukuni Zan Sa Kakata?

Anti, ki taimake ni, kaina ya kulle. Ina shekarar ƙarshe a sashen nazarin addinai, bincikena kuma a kan ibadar mutanen ƙauyenmu ne, kusa da Godogodo. Malamin da ke duba aikin ya ce kowa sai na sa shi a rukuni: Kirista, Musulmi, mai bin gargajiya, ko mai gauraya addini.

Matsalar kakata ce, Zipora, wadda ta rene ni. Tun kafin a haife ni take cikin zumuntar mata ta cocinmu. Amma in an girbe acca, sai ta zuba tafi guda a kabarin kakanmu kafin ta kai sauran accar coci. Da azumi kuma ita ke dama wa ƙanenta Abdu kunun buɗa-baki, shi da ya musulunta. Malam ya ce wannan gauraya ce, in rubuta haka ko ya ƙi sa hannu. Shi fa dattijo ne a ɗarikarmu, Kafanchan kuwa ba ta riƙe magana. In zancen ya kai ƙauye za a sa ta ƙarƙashin horon coci, a hana ta jibin Ubangiji. Da kuɗin cittarta na yi karatun nan. Abinci ma ya daina shiga, ji nake ko ta ina na bi na yi asara.

Jikar Zipora, Kafanchan

'Yata, malaminki yana da gaskiyarsa: bincike ba ya yiwuwa sai da rarrabewa. Amma hanyar ba ɗaya ba ce. Masana na rarraba addini ta asalinsa, ta yankinsa, ta abin da ake bauta wa, ko ta sunan da mai yin ibadar ya ba kansa. Wannan ta ƙarshen ce aikinki ya rasa.

Ki je gida ki tambayi Kaka me accar nan take nufi a wurinta. Wataƙila bauta ce, wataƙila kewar miji ce kawai. Kunun Abdu kuwa zumunci ne. Ki rubuta amsarta da kalmominta, ki sakaya sunanta da na ƙauyen, ki kai wa malam cikin ladabi. In ya ƙi, ki ga shugaban sashe.

Ba zan ruɗe ki ba, kina iya maimaita shekara. Ke kina da shekarar da za ki bayar. Ita a shekarunta, in aka tashe ta daga bencinta na coci, ba lalle ta ga ranar komawa ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ƙara wa Kaka lafiya.